Ɗana ya ci sakandare da 93 amma Ƙudurat da Tahsili sun ja shi ƙasa: ina za mu nufa?

Tambaya

Wani magidanci mazaunin Makka, ɗan asalin Najeriya da ke zaune da igama (takardar izinin zaman baƙi a Saudiyya), ya aiko da tambaya cewa ɗansa na fari mai shekara 18 ya kammala sakandaren gwamnati a ɓangaren lafiya da rayuwa da kashi 93, amma ya samu 68 a Ƙudurat da 64 a Tahsili, jarrabawoyin neman shiga jami'a a Saudiyya. Burin gidan tun da daɗewa shi ne yaron ya karanta likitanci. Tun da sakamakon ya fito yaron ya daina fitowa cin abinci da 'yan'uwansa, mahaifiyarsa tana ganin a ƙyale shi, baffanninsa suna cewa a tura shi Kano, shi kuma mahaifin yana neman a ba shi shawara.

Amsa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya mana yaron, ya sa masa albarka. Tambayarka ta haɗa abubuwa biyu da gidaje da yawa suke cuɗa su wuri guda a makon da sakamako ya fito, wato halin da yaron yake ciki da kuma shawarar inda zai nufa. Na farkon yana bukatar a kula da shi tun yau, na biyun kuwa yana iya jira na 'yan makonni muddin ana lura da ranakun rufe neman gurbi. Duk da haka zan fara da lambobin nan uku, domin ina zaton wani kaso mai yawa na ɓacin ran da ke gidan ya samo asali ne daga yadda aka karanta su.

Kashi 93 ɗin makaranta ce ta bayar, kuma an tara shi ne daga aikin aji da jarrabawoyin da malaman da suka koyar da yaron suka shirya a tsawon shekarun sakandare. Ƙudurat da Tahsili kuwa cibiyar Ƙiyas ce take shirya su ga ɗaliban ƙasa baki ɗaya. Ƙudurat tana da sashen harshe da sashen lissafi, kuma abin da take aunawa shi ne saurin fahimtar rubutu da iya fitar da amsa daga lambobi cikin ƙurarren lokaci. Tahsili tana bin darussan sakandare ne kai tsaye: lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne makin Ƙiyas ba ya nufin adadin tambayoyin da yaro ya amsa daidai cikin ɗari. Ana fitar da shi ne ta hanyar gwada ɗalibi da sauran waɗanda suka zauna jarrabawar, don haka 68 da 64 suna nuna cewa ɗanka yana wajen tsakiyar sa'o'insa na faɗin Saudiyya. Wannan ba faɗuwa ba ce. Yaron da ya samu sama da 90 a makaranta kuma ya tsaya a sittin da wani abu a Ƙiyas, galibi yaro ne mai hadda da biyayya ga malamai wanda bai yi isasshen atisaye a kan tambayoyin zaɓi da agogo a gabansa ba, kuma irin wannan giɓin atisaye ne yake cike shi.

Jami'o'i ba sa duban kowace lamba ita kaɗai, suna haɗa su ne su fitar da abin da ake kira nisba mauzuna. Kowace jami'a tana sanar da nata ma'aunin, amma wanda aka fi gani a fannonin kimiyya shi ne kashi 30 daga sakandare, 30 daga Ƙudurat, 40 daga Tahsili. Idan muka bi wannan, ɗanka yana da 27.9 daga makaranta, 20.4 daga Ƙudurat, 25.6 daga Tahsili, jimla 73.9. Ka lura cewa kashi 70 na wannan lissafi yana kan jarrabawoyi biyu da ake iya sake zama ko bayan an kammala sakandare, kuma yawancin jami'o'i suna karɓar shahadar sakandare har shekara biyar bayan fitowarta. Da yaron zai ɗaga Ƙudurat zuwa 80 da Tahsili zuwa 78, nisbarsa za ta koma 83.1 ba tare da an taɓa makin makarantarsa ba. Ban ambaci waɗannan lambobi a matsayin alkawari ba, na kawo su ne don a ga inda nauyin yake.

Yanzu sai maganar da ta fi ɗaci, wadda nake ganin ita ce ginshiƙin amsar nan. Hausawan da ke ƙasar nan ba matsayi ɗaya suke da shi a gaban ofishin karɓar ɗalibai ba. Akwai 'yan ƙasa, akwai 'ya'yan mata 'yan ƙasa waɗanda ake yi musu mu'amalar 'yan ƙasa a harkar karatu, akwai kuma masu igama irin ɗanka. Mai igama yana shiga jami'ar gwamnati ne ta ƙofar minha ta cikin gida, wato tallafin karatu ga baƙi mazauna ƙasar, wadda guraben da ake ware mata kaɗan ne, ake kuma nemanta ta dandalin Udrus fis Sa'udiyya. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa sanya kwalejojin likitanci da sauran fannonin lafiya cikin wannan minha ta kyauta. Ma'ana, ko da ɗanka ya fito da nisba 95, da wuya ƙwarai ya samu kujerar likitanci a Jami'ar Ummul Ƙura ko Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta wannan hanya. Yaron yana ɗaki yana ganin shi ne ya rufe wa kansa da iyayensa ƙofa, alhali ƙofar da kuka sa wa ido ba a buɗe take gare shi ba tun farko. Ya kamata ya ji wannan daga bakinka, kuma ya ji shi a fili, domin nauyin da yake ɗauke da shi ya fi ƙarfin kuskurensa nesa ba kusa ba. Gaskiya ne cewa ya dace a ce an yi wannan bincike tun lokacin da yake zaɓar ɓangare a ƙarshen shekarar farko ta sakandare, amma tsarin Masarat, wato rabon ɗaliban sakandare zuwa ɓangarori, sabo ne, an fara shi a 2021, kuma iyaye kaɗan ne aka zaunar aka yi musu bayanin yadda yake haɗuwa da matsayin takardunsu.

Game da yadda za ka tunkare shi, ra'ayin mahaifiyarsa yana da rabin gaskiya. A ƙyale shi daga faɗa da gori da maimaita lambobi, amma kada a ƙyale shi shi kaɗai. Saurayi mai shekara 18 da ya kulle kansa ba ya fassara shirun mahaifinsa da tausayi, yana fassara shi da fushi. Ka shiga wajensa da kanka, kada ka aika ƙaninsa ya kira shi falo a gaban jama'a. Yara maza da yawa sun fi sakin baki idan ba ido cikin ido ake magana ba, don haka tafiya a mota ko dawowa daga sallar isha'i ta fi zaman da aka shirya musamman domin maganar. A zaman farko kada ka kawo maganar jami'a ko kaɗan. Ka gaya masa ka ga sakamakon, ka san ya yi ƙoƙari a shekaru ukun nan, kuma matsayinsa a wajenka bai canza ba, sannan ka yi shiru ka ba shi dama. Idan ya ce ya ba ku kunya, kada ka yi saurin cewa ba komai, domin ya san da komai, kuma zai ɗauka kana rarrashinsa ne kawai. Ka tambaye shi wane sashe ne ya fi ba shi wahala, ko lokaci ne ya ƙure masa, ko ya yi barci a daren jarrabawar. Tambaya irin wannan tana mayar da maganar kan jarrabawa, ta ɗauke ta daga kan darajar yaron.

Abin da ya fi yi wa yara ciwo a irin wannan lokaci yakan zo ne daga wajen gida. Ana ɗora sakamakon 'ya'yan dangi a WhatsApp, ana taya murna a guruf ɗin iyali, gwaggo ta bugo waya daga Jidda tana tambayar nawa ya samu. Kai da mahaifiyarsa ku tsayar da amsa guda ɗaya da za ku riƙa bayarwa, misali cewa ya kammala lafiya kuma kuna duba inda zai ci gaba, kada kowa ya ƙara a kan haka. Sakamakon na yaron ne, shi yake da haƙƙin faɗar lambarsa ga wanda ya ga dama. Kuma ina roƙonka kada sunan wani ɗan'uwa ko ɗan maƙwabci ya fito daga bakinka a matsayin misali, ko da da kyakkyawar niyya, domin irin wannan kalma yaro yakan riƙe ta shekaru bayan an manta da makin.

Ɓacin rai na kwanaki bayan sakamako abu ne da aka saba gani, yakan kuma sassauta da kansa. Amma idan aka haura mako biyu yaron ba ya cin abinci, barcinsa ya rikice, ya yanke hulɗa da abokansa, ya bar abubuwan da yake so, to lokacin ganin likita ya yi, a fara da cibiyar lafiya mafi kusa ko a kira layin Ma'aikatar Lafiya na 937 don neman shawara. Idan kuwa ya furta cewa gara ya mutu ko rayuwarsa ba ta da amfani, ba a jira mako biyu, a ranar ake kai shi, kuma ba a barinsa shi kaɗai. Addu'a da ruƙya suna da muhallinsu, kuma ba sa hana a je asibiti.

Idan hankali ya kwanta, sai a shimfiɗa hanyoyin. Ta farko ita ce ya zauna a nan ya nemi minha ta cikin gida a wani fanni, kamar kimiyyar kwamfuta, lissafi, kimiyyar halittu, harkokin kasuwanci ko harshen Larabci, gwargwadon abin da jami'ar ta buɗe a wannan shekara da kuma abin da ɓangarensa na sakandare ya ba shi damar nema. Da nisba 73.9 gasar za ta yi masa tsanani, amma neman ba ya cin kuɗi mai yawa, don haka a nema bana, a kuma shirya sake nema baɗi da makin da ya fi wannan. Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961 domin ɗaliban ƙasashen Musulmi, yanzu tana da kwalejojin injiniya da kwamfuta da kimiyya bayan na shari'a da hadisi, kuma mutanenmu da yawa ba su san da haka ba. Akwai kuma kwalejoji masu zaman kansu a Jidda irin su Batterjee da Ibn Sina da Fakeeh da suke koyar da likitanci da sauran fannonin lafiya suna kuma karɓar masu igama, sai dai kuɗinsu na shekara yana kai dubban riyal masu yawa, karatun likita kuma shekara shida ne kafin shekarar imtiyaz, wato ta horon aiki a asibiti. Kada ka shiga wannan da kuɗin shekara ɗaya a hannu da fatan Allah zai kawo na sauran. An sha ganin ɗalibi ya tsaya a shekara ta uku saboda kuɗi ya yanke, ya fita ba shahada ga bashi a kan mahaifinsa. Ga wanda ƙarfinsa bai kai can ba, Buɗaɗɗiyar Jami'ar Larabawa tana da rassa a Jidda da Madina, kuɗinta ya fi sauƙi, kuma tana koyar da kwamfuta da kasuwanci da Turanci.

Duk shawarar da za a yanke, a sa igamar yaron cikin lissafi. Idan kana cikin waɗanda ake karɓar kuɗin iyali a wajensu, ka san tun 2020 riyal 400 ne a wata a kan kowane mutum, wato 4,800 a shekara, ko yaron yana nan ko yana karatu a waje muddin ana son igamarsa ta ci gaba da rai. Ɗa namiji da ya wuce 18 akan nemi takardar shaidar cewa yana karatu wajen sabunta masa igama, idan kuma ya kai 25 ba ya ci gaba da zama a ƙarƙashin mahaifinsa. Saboda haka kafin ku ce zai zauna shekara guda a gida yana shirin sake jarrabawa, ka duba ranar ƙarewar igamarsa a manhajar gwamnati ta Absher, ka kuma tambayi Jawazat, ofishin fasfo da igama, abin da za su bukata.

Shawarar baffanninsa ta tura shi Kano ba abin yarwa ba ce, hasali ma idan likitanci ne lallai, Najeriya ce ƙasar da yake da cikakken haƙƙin ɗan ƙasa a cikinta, kuma kuɗin jami'o'in tarayya irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo bai kama ƙafar na kwalejojin Jidda ba. Sai dai a san abin da ake shiga. Sai ya zauna jarrabawar JAMB, wadda take da darussa huɗu da maki 400, ga mai neman likitanci kuma darussan su ne Turanci, fiziks, kemistiri da bayoloji, dukkansu da Turanci. Rajista tana bukatar lambar NIN, ana kuma yin ta a farkon shekara, wato ta bana ta riga ta wuce shi. Ana bukatar kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi, sannan shahadarsa ta Saudiyya sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ta tantance ta, kuma ya fi aminci ya ƙara da jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu don kada wata jami'a ta tsayar da shi a kan takarda. Gurbin likitanci a can ma ƙayyadadde ne, masu nema kuma sun ninka kujerun sau da yawa. Babban shingen shi ne harshe. Yaron da ya koyi kemistiri da Larabci tun daga tushe ya san ilimin, amma sai ya sake koyon sunan kowane abu, kuma wannan aikin shekara ne cikakkiya ga mai himma. Shirin IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello yana taimaka wa irin waɗannan ɗalibai, domin yana ba su lokacin sabawa da karatu da Turanci kafin su nemi shiga aji biyu kai tsaye.

Akwai kuma ɓangaren da baffanni ba sa cika ambata. Yaron da aka haifa a Makka baƙo ne a Kano ko da Hausa ce a bakinsa. Zai tarar da ɗaukewar wuta, da cunkoson ɗakin kwanan ɗalibai, da yajin aikin malaman jami'a irin na 2022 da ya ɗauki wata takwas, da kuma tsokanar da ake yi wa wanda Hausarsa ta gauraya da Larabci. Wasu yaran suna jurewa har su fi 'yan gida ƙoƙari, wasu kuma suna karyewa a zangon farko. Abin da yakan bambanta su shi ne ko an yi shawara da su kafin tafiyar, da kuma ko akwai gida tsayayye da babba mai lura da su a can. Idan yaron ya fahimci tafiyar a matsayin hukuncin samun 64, to an ɓata ta tun kafin a sayi tikiti.

Sauran ƙasashe zan taƙaita. Sudan, inda 'ya'yanmu da yawa suka yi likitanci a da, musamman a Jami'ar Afirka ta Duniya da ke Khartum, yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya tarwatsa karatu a can, kuma ba zan ba da shawarar a tura sabon ɗalibi ba. Masar tana karɓar baƙin ɗalibai, yaron kuma ba zai sha wahalar harshen yau da kullum ba, amma da kuɗin waje ake biya. Duk inda za a je, a tabbatar hukumar likitocin ƙasar da yaron zai yi aiki ta amince da jami'ar, a kuma yi hattara da dillalan gurbin karatu masu karɓar kuɗi kafin a ga takardar karɓa daga jami'ar kanta.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta kamata ta riga zaɓen jami'a: a ina yaron zai yi aiki bayan shekara shida ko bakwai? Tsarin mayar da ayyuka hannun 'yan ƙasa ya riga ya shiga fannin haɗa magunguna, likitancin haƙori, injiniya da akanta, kuma ba alamar zai ja da baya. Wanda ya yi karatu a nan da niyyar aiki a Najeriya sai ya zauna jarrabawar Hukumar Likitoci ta Najeriya ta waɗanda suka yi karatu a waje, sannan ya yi hidimar ƙasa. Wanda ya yi a Najeriya da niyyar dawowa nan sai ya bi ta Hukumar Fannonin Lafiya ta Saudiyya, kuma zai dawo ne a matsayin ma'aikaci baƙo mai neman kafili, wato mai ɗaukar aiki da zai tsaya masa. Sai kuma tambayar da ban ga amsarta a wasiƙarka ba. Ka ce likitanci burin gidan ne, ba ka ce burin yaron ba ne. Ɗan fari yakan ɗauki burin mahaifinsa ya mayar da shi nasa har ya kasa bambance su. A zama na biyu ko na uku ka tambaye shi wane darasi ne yake karantawa ko ba a sa shi ba, da kuma abin da zai zaɓa da babu wanda zai ji kunya. Idan ya ce likitanci, to ku yi masa hanyar Najeriya da gaske. Idan ya ambaci kwamfuta ko kasuwanci ko aikin hannu, ka saurare shi har ƙarshe kafin ka ce komai, sannan ku yi istihara a kan abin da kuka tattauna tare.

Da ni ne a matsayinka, ba zan tura shi ko'ina a cikin watanni biyu masu zuwa ba. Zan nemi minha ta cikin gida bana a fannonin da suke buɗe, in kuma sa shi ya yi rajistar Ƙudurat ta kwamfuta bayan ya yi atisaye na tsawon watanni da agogo a gabansa, ya kuma jira zangon Tahsili na gaba. A lokaci guda zan sa shi a ajin Turanci mai tsanani, domin Turancin zai yi masa aiki ko ya zauna ko ya tafi, tun da fannonin kimiyya a jami'o'in nan ma da shi ake koyar da yawancinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun yanzu a kai shahadarsa a buga mata hatimin hukumar ilimi da na Ma'aikatar Harkokin Waje da na ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda, a fassara ta zuwa Turanci a ofishin fassara mai lasisi, a duba ranar ƙarewar fasfonsa, a kuma yi masa NIN idan ba shi da ita. A tambayi ofishin jakadancin ko za a buɗe cibiyar JAMB a Jidda a shekara mai zuwa, domin an saba yin jarrabawar a can. Baffanninsa kuma a ba su aikin da za su iya, wato su binciko sharuɗɗan jami'ar da suke nufi a rubuce, da kuɗin makaranta da na masauki, da sunan wanda yaron zai zauna a hannunsa idan tafiyar ta tabbata.